Tsohuwar Mota a Ƙofar Gida: Kula da Peugeot 504 da Hannunka

Peugeot 504 ta fara fitowa a Faransa a shekarar 1968. Turawa sun daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma masana'antar Kakuri da ke Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta sama da shekara ashirin bayan nan. Shi ya sa har gobe ba a rasa ganinta: wagon tana jigilar fasinja tsakanin garuruwa, a-kori-kura tana kwasar buhunan masara ranar kasuwa, salun kuwa tana fake ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidan wani tsohon ma'aikaci da ya ƙi rabuwa da ita. Autar cikinsu yau ta kai shekara ashirin, ko ta doshi haka.

Abin da ke kwantar da irin wannan mota a ƙasarmu bai cika wuce uku ba: zafi, ƙura, da baƙin man da ya wuce lokacin juye. Dukansu kuwa a hannun mai mota suke, don bakanike ba ya ganin motarka sai ta riga ta lalace, kai ne ke tsaye a kanta kowace safiya. Na ɗauki 504 ne saboda injinta a buɗe yake, hannu na shiga ko'ina, babu kwamfuta a ciki. Amma mai tsohuwar Golf ko Starlet ko Corolla zai tarar yawancin bayanin ya shafe shi.

Kayan aikin ba su da yawa: sufanu daga lamba 8 zuwa 19, filaya, sukundireba iri biyu, doguwar sufanar fulogi, filageji, jak, waigi, mazurari, tsohon daro, da tsummoki. Ka ƙara da ƙaramin littafi da biro a aljihun mota. Duk abin da ka canza, rubuta kwanan wata da kilomita. Idan mitar ta daɗe da mutuwa, kwanan watan kaɗai ma ya wadatar.

Duban safe

Kafin ka murɗa makulli, durƙusa ka leƙa ƙasan inda motar ta kwana. Ƙasa ba ta ɓoye yoyo. Baƙin ɗigo a tsakiya na inji ne ko na giya. Ruwa mai jan tsatsa a gaba daga lagireto ko tiyo yake. Danshi mai santsi a cikin taya ta ciki kuwa man birki ne, kuma ranar motar ba ta fita sai an gano inda yake zuba.

Daga nan buɗe bonet. Zare sandar awon mai, goge ta, mayar da ita har ƙarshe, sannan ka sake zarowa. Awo na biyun shi ne na gaskiya, kuma sai motar tana kan shimfiɗaɗɗen wuri. Mai ya tsaya tsakanin zane biyun nan. Murza ɗan kaɗan tsakanin yatsu biyu. Baƙi ba laifi ba ne, aikinsa ke nan ya kwashe dauɗa, amma idan ka ji tsaki-tsaki, ko ya tsinke yana warin fetur, lokacinsa ya wuce. Idan kuwa ka ga ya koma launin shayi mai madara, a jikin sandar ko a ƙarƙashin murfin zuba mai, to ruwa ya shiga mai, kuma galibi gaskit ne ya ƙone. Kada ka tayar da ita don ka gwada. Duba ruwan lagireto, duba man birki, zagaya tayoyi. Duka-duka bai fi minti biyar ba.

Ruwa

A nan zan fi daɗewa, don a nan aka fi asarar inji. Kan injin 504, wato tof silinda, na alminiyam ne, gangar jikin kuma baƙin ƙarfe. Zafi ba ya buɗa su daidai da juna. Tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta lanƙwasa kan, gaskit ya saki, ruwa da mai su haɗu. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ke haura digiri 40, motar da lagiretonta ya toshe rabi ba ta da sauran rara.

Abin da ke toshe shi kuwa ruwan da muke zubawa ne. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa suna ɗauke da gishiri da farar ƙasa, waɗanda ke daskarewa cikin siraran bututun lagireto, ga tsatsa tana cin inji ta ciki. Koren ruwan lagireto da ake sayarwa a galan yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin tafasa. Idan babu halinsa, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta aka tace ya fi na rijiya nesa ba kusa ba.

Sau ɗaya a shekara, kafin bazara ta kankama, wanke lagireto. Da inji a sanyaye, kwance tiyon ƙasa ruwan ya zube, ka yi ta ɗura ruwa ta sama har ya riƙa fitowa garau. Sannan wanke saƙar jikinsa daga ɓangaren inji zuwa waje, don ƙura da ƙwari da ƙaiƙayi su koma ta inda suka shigo. Kada ruwan ya yi ƙarfi, saƙar tana lanƙwashewa, kuma ka rufe distiributa da leda tukuna. Bayan ka haɗa ka cika, tayar da inji ya yi zafi, kashe, ka shafa bayan hannu a jikin lagireto a hankali. Inda ka ji sanyi alhali gefensa da zafi, nan ne ya toshe, kuma wannan sai masu gyaran lagireto sun buɗe sun zurara shi.

Matsa kowane tiyo da hannu. Wanda ya yi tauri yana tsattsagewa, da wanda ya kumbura ya yi laushi kusa da kilif, duk canza su tun a gida, don a hanya suke fashewa. Fanbel kuma, danna tsakiyarsa da babban yatsa: ya lotsa kamar santimita ɗaya. Ya fi haka, zai riƙa zamewa, ruwa bai zagaya ba, batir bai caji ba. Ya yi tsauri da yawa, zai ci boris ɗin famfon ruwa. Kama fanka ka girgiza, inji a kashe. In tana wasa, ko ka ga sawun ruwa a ƙarƙashin famfon, ya kusa tafiya.

Murfin lagireto ƙaramin abu ne da ake rainawa. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Robarsa ta tsage, ko an maye gurbinsa da tsumma da leda, mota za ta yi ta shan ruwa a rasa dalili.

Sai maganar tamostat. Kusan duk motar da ta shigo ƙasar nan, abu na farko da ake yi mata shi ne cire shi, a ce na ƙasar sanyi ne. Ban yarda da wannan ba. Aikinsa ya tsare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, tsakanin digiri 75 da 90 gwargwadon irin motar, sannan ya buɗe. Injin da ke aiki a sanyaye, musamman da asubar hunturu, ya fi shan mai, ya fi cin ringi. Idan kana zarginsa, jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta ka zuba ido: lafiyayye zai buɗe kafin ruwan ya tafasa. Wanda ya ƙi buɗewa a sayi sabo. Mota mai tsabtataccen lagireto ba ta tafasa saboda lafiyayyen tamostat.

In kuma ta ɗau zafi a hanya, allura ta doshi ja, sauka gefe ka kashe. Kada ka taɓa murfin nan sai bayan rabin awa aƙalla, kuma da tsumma mai kauri, kana kauda fuska. Mutane da yawa sun sale a hannu da ƙirji saboda gaggawar wannan lokaci. Kada ka kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi. Bari ya huce, tayar da shi, ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan.

Juye da iska

Injin fetur na 504 mai lita biyu yana cin baƙin mai wajen lita huɗu, kuma 20W-50 ya dace da tsohon inji a zafinmu. A hanyoyinmu masu ƙura kada ka wuce kilomita 5,000 ba ka yi juye ba. Mai bin hanyar ƙauye ya rage zuwa 3,000. Motar da ba ta cika fita ba ma a yi mata duk wata shida. Sayi mai a rufaffen galan daga wurin da ka amince da shi. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba, araha kuwa ba ta ado.

Tayar da inji minti biyar mai ya saki jiki, kashe, ja hambirki, sa waigi. Tara daro, kwance notin ƙasa, ka ƙarasa da yatsu kana tura shi sama har zaren ya ƙare, sannan ka janye hannu da sauri. Bar shi ya tsiyaye sosai. Kwance filta, shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar, ɗaura ta da hannu kawai. Mayar da noti da sabuwar wosha, ka ɗaure daidai. Wanda ya hau sufana da ƙafa zai cinye zaren, ya sayi yoyon da ba ya ƙarewa. Zuba mai, tayar, ka tabbata jar fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi, leƙa ƙasa, kashe, jira kaɗan, sake aunawa. Tsohon man kada ya shiga kwata ko kusa da rijiya. Zuba shi a galan ka kai gareji.

Wata magana da ba ta da sassauci: kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma ka dogara da bulon siminti, yana rugujewa ba sanarwa. Sa ƙafafun ƙarfe na gareji ko gungumen katako mai kauri. Kada ka bar inji yana aiki a rufaffen wuri, hayaƙin salansa yana ɗauke da iska mai kisa da ba a jin warinta. Yara su matsa nesa da fanka.

Matatar iska ita ce tsakanin hunturu da fistin. Ƙurar da ta wuce ta, ta haɗu da mai, ita ke goge ringi da silinda har mota ta fara hayaƙi. Idan taka ta takarda ce, ciro ta duk mako biyu a lokacin ƙura, bubbuga ta a hankali, ɗaga ta ga rana. In haske ba ya ratsawa, canza. Ba a wanke ta da ruwa ko fetur. Wasu 504 ɗin suna da mai kwanon mai a ƙasa: zubar da tsohon man, kankare laka, wanke ragar da kananzir, bar ta ta tsane, zuba sabon mai zuwa zane. Sau da yawa za ka ga mota tana yawo kafireto a buɗe, an ajiye tukunyar iskar a but. Wannan injin kwanansa ƙirgagge ne.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ke neman a rage masa shan fetur, a je a matse kafireto har mota ta kasa hawa tudu. Kafin a taɓa kafireto, a duba iska, fulogi, da iskar taya. Yawancin man a nan yake tafiya. Ƙaramar matatar fetur ta roba da ke kan tiyo kuwa kuɗinta kaɗan ne. Sa sabuwa duk juye biyu, musamman in kana shan man bumburutu.

Fulogi da kwantak

Fulogan 504 suna can cikin rami mai zurfi a kan inji, shi ya sa sai doguwar sufana. Yi aikin da inji a sanyaye, saboda zaren alminiyam ne. Cire ɗaya, gama da shi, mayar, sannan ka taɓa na gaba. Ta haka wayoyi ba za su rikice ba. Jerin tashin wutar 1-3-4-2 ne, kuma musanya waya biyu ya isa ya sa mota ta yi ta harbi.

Kalli bakin kowane fulogi da kyau, don shi ne ke ba da labarin cikin silinda. Ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya lau. Baƙin gawayi mai laushi, fetur ya yi yawa ko iska ta toshe. Baƙi mai maiƙo, mai na haurowa, ringi ko bawul sun gaji. Fari fat kamar an ƙona, fetur ya yi kaɗan ko inji na zafi, kuma wannan ya fi baƙin haɗari. Idan guda ɗaya ya fita daban da 'yan'uwansa, matsalar ta silindarsa ce. Tazarar bakin fulogi milimita 0.6 ce. Wajen mayarwa fara ɗaurawa da hannu. In ya cije tun farko, warware ka sake, kada ka tilasta.

Buɗe murfin distiributa, goge cikinsa da busasshen tsumma, duba ko ya tsage. Juya inji har kwantak ya buɗe iyakar buɗewarsa, auna da filageji: milimita 0.4. In bakinsa ya yi ƙuraje, canza shi tare da kwandensa. Saitin bawul kuwa, na shiga 0.10, na fita 0.25, kuma sai injin da ya kwana bai tashi ba. Ko bakanike ne zai yi maka, ka tabbata da filageji ya auna, ba da kunne ba.

Hayaƙi ma magana yake yi. Shuɗi, mai take ƙonawa. Baƙi, fetur ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga ruwa na raguwa, gaskit ne.

Ranar da ta ƙi tashi

Saurara tukuna. Ka murɗa ka ji ƙas, ko fitilu suka dushe, to wajen batir ne, kuma sau da yawa ba batirin ba ne, kawunansa ne suka yi farin gari. Cire kan da ke da alamar ragi, shi ne farkon cirewa kuma ƙarshen mayarwa. Wanke da ruwan zafi, kankare har ƙarfe ya yi haske, ɗaure, shafa giris. Duba wayar da ta tafi jikin mota ita ma. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6, in inji na aiki kuma ya kai 14 ko kusa da haka. Al'adar nan ta zare kan batir inji na aiki don a gwada caji tana ƙona altaneta, a mota mai kwamfuta kuma ɓarnar ta fi haka.

Idan kik na juyawa da ƙarfi amma ba ta kama ba, ko wuta ce babu ko mai. Zare wayar tsakiya daga murfin distiributa, riƙe ta da filaya mai hannun roba kusa da ƙarfen inji, nesa da kafireto, wani ya murɗa. Shuɗin tartsatsi mai ƙara, wuta lafiya. Babu, ko ja mai rauni, koma kan kwantak, kwandensa da kwayil. Da damina, raɓar cikin murfin kaɗai tana hana tashi. In wuta na nan, cire tukunyar iska, leƙa maƙogwaron kafireto, inji a kashe, ka ja totur da hannu: ya kamata ka ga fetur ya yi tsartuwa. Bai yi ba, bi tiyo baya zuwa matata da famfon mai. Kada ka zuƙi fetur da baki, kada kuma ka tsiyaya shi a kafireto ana murɗa makulli, don wuta kan yi baya ta kama fuska da hannu.

Birki, taya, da inda za ka tsaya

Man birki DOT 3 ko DOT 4 kawai, daga rufaffen gwangwani, a sabunta shi duk shekara biyu saboda yana shan danshi. Baƙin mai ko ruwan sabulu a tukunyar birki yana kashe robobin. Taka birki ka riƙe: in feda tana nutsewa a hankali, akwai yoyo. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar Beljiyam mai kyan zane tana iya zama tsohuwa ƙwarai, kuma kwaltar bazara ba ta raga mata. Auna iska da safe da geji, har da safaya. Mai Golf ko Corolla ya ƙara da bel ɗin tayimin, ya canza shi kan lokaci. 504 sarƙa gare ta.

Akwai ayyukan da ba na ƙofar gida ba ne: buɗe kan inji, giya, kuloci, sitiyari, da cikin birki ga wanda bai taɓa yi a gaban masani ba. Silindodin 504 zarowa ake yi, suna zaune ne cikin ruwa. An cire kai aka juya inji ba a danne su ba, sai su ɗaga, ruwa ya gangara cikin mai, ƙaramin aiki ya koma babba.

In za ka gareji, tafi da littafinka, ka gaya wa bakanike abin da ka gani da abin da ka ji da lokacin da ya fara, ka bar shi ya gano cutar da kansa. In kaya za a saya, a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka, riƙe tsohon a hannu ka gwada da sabon kafin ka biya. Ka tsaya a yi aikin a gabanka, ka karɓi abin da aka cire. Idan kuwa matsalar ta birki ce, kada ka tuƙa ta zuwa garejin. Ɗauko bakaniken ya same ta a gida.